Mabuɗin Ɗakin Baba a Zangon Wagadugu

Tun da na dawo daga Wagadugu ban huta da tambaya ba. A wurin aiki ko hannu ban gama wankewa ba sai wata ta leƙo ta ce, "Dije, yaya Waga?" Wasu tsaraba suke nema, wasu hotuna, wasu kuwa so suke su ji ko da gaske ne na kusa faɗawa hannun 'yan sanda, kamar yadda Yaya Laminu yake bazawa a dangi. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi tsakanin wannan haihuwa da waccan, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wadda ta sake tambayata, takardar nan zan miƙa mata.

Ni ungozoma ce a Maraɗi, kuma shekara huɗu ban ɗauki hutu ba. Da na samu bana, na ce ba zan ƙare shi a gidajen biki ba, zan je in ga wani birni da idona, in zaga wuraren tarihi kamar yadda masu sukuni suke yi. Na zaɓi Wagadugu don tun ina yarinya nake jin sunan a bakin Baba. Baba, wato Malam Sani, direban babbar mota ne, shekara ashirin da biyu yana ɗaukar albasa daga Galmi zuwa can. Yanzu ya haura saba'in da biyar, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, da ɗayan ma inuwa-inuwa yake gani.

Da na je yi masa bayanin tafiyar, sai ya laluba ƙarƙashin gadonsa ya jawo wani tsohon gwangwanin madara, ya zaro ɗan mabuɗi a ɗaure da baƙin zare, ya ajiye a tafin hannuna. Ranar na ji labarin da ko Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ba mu ba.

A zamaninsu baƙo ba ya sauka a otel. Kowane direba da ɗan kasuwa yana da maigidansa a Zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi da ke tsakiyar birnin. Maigida ya ba ka ɗaki, matarsa ta ba ka tuwo, shi zai nemo maka masu saye, shi zai tsaya maka idan ka shiga rigima. Kai kuma abu biyu ne a kanka: kada ka kai kayanka wani gida, kuma ranar da za ka bar hanyar gaba ɗaya ka mayar da mabuɗi hannu da hannu, a yi maka addu'a, a sallame ka. Baba duka biyun ya karya. Wani dillali ya yi masa daɗin baki har Baba ya ba shi 'yan buhunan albasarsa na kansa ya sayar masa, maigidansa Alhaji Tanko ya ji, ya faɗa masa a zaure, gaban mutane, cewa in ya sami gidan da ya fi nasa to ya bar masa ɗakinsa. Baba kuwa zuciya gare shi, a wurinsa na gado ta. Da asuba ya kulle ɗakin, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya tayar da mota, daga nan ya koma hanyar Kwatano. Shekara ashirin da bakwai ke nan. A tsakanin nan ya ji an rushe Zango, ya ji Alhaji ya rasu.

"Ɗiyata," in ji shi, "ba ni son in tarad da Alhaji can da mabuɗinsa a aljihuna. Ki tafi da ni, in samu ko mutum guda daga gidan ya karɓa, ya ce ya sallame ni."

Yaya Laminu, babban wanmu, ya yi tsalle ya dire. Ya ce tsohon ba zai jure zaman mota ba, unguwar ma babu ita, kuma wane ne zai tuna da wani direba bayan wannan shekaru. Ya ce in abin ya dame shi a jefa mabuɗin a rijiya, a yi sadaka, magana ta ƙare. Na bar shi ya gama, sannan na nuna masa tikiti biyu da na riga na yanka. Ya ce duk abin da ya samu Baba a wuyana yake. Na ce na ji, wuyan nawa ne.

Daga Maraɗi zuwa Yamai ban ga komai ba sai bayan kujera, amma na ji komai, don Baba da kunne yake tafiya. Tun kafin Ƙonni ya gano direbanmu yana jinkirin sauya giya, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Duk hawan da muka zo sai ya yi tsaki ya ce yaron nan zai kashe injin mutane. Fasinjoji suka fara dariya, wata mata ta ba shi dabino don ya yi shiru, ya ci dabinon ya ci gaba. A Doso direban ya zo da kansa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce in Baba yana so ya karɓi tuƙin. Baba ya ce da ido bai ci amanarsa ba da ya nuna masa aiki.

Muka kwana a Yamai gidan wata ƙanwar Inna, washegari muka kama hanyar iyaka. A nan na sha kunyar da har yanzu nake ji. Ni da nake yi wa mutane faɗa kullum a kan katin rigakafi, ban duba na Baba ba. Ya ce yana da shi, na yarda. Da aka zo dubawa ya zaro wani kati da ya koma launin ƙasa, wanda aka buga wa hatimi tun ina firamare. Ma'aikacin ya juya shi gaba da baya, ya kira abokinsa ya gani, suka yi ta murmushi. Aka shiga da Baba wani ɗan ɗaki aka yi masa allura, ya fito yana murza damtse yana cewa ai ɗiyarsa ma wannan aikin take yi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tsallaka aka ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Baba ya ce shi shekara ashirin da biyu yana bin hanyar nan bai taɓa taɓa agogonsa ba, a kai yake yin lissafin, ba kuma yau zai fara ba. A Fada Ngurma na sayi zuma, don kowa ya ce tasu ta fi ta ko'ina. Murfin kwalbar bai kama ba. Da muka isa Kupela na sa hannu a jaka don ɗauko carbi, na fito da shi yana ɗiga, mayafina biyu kuma sun manne da juna. Sauran hanyar ƙudaje suka raka ni.

Abin da ya fara ɗaukar idona a Wagadugu shi ne mata a kan babur. A Maraɗi ma muna da masu hawa, amma ana iya ƙirga su. Can kuwa idan fitilar hanya ta ba da hannu, sai ki ga sun taso kamar an buɗe wa tumaki garke: 'yan makaranta, ma'aikata da dogon takalmi, mai goyo, har wata tsohuwa da kwandon kabeji a bayanta tana tauna asawaki. Ba mai kallonsu, ba mai yi musu wa'azi. Na tsaya bakin tasha ina jin haushin shekarun da na yi ina jiran ɗan kabu-kabu a rana.

Masaukinmu wani ƙaramin gida ne na baƙi a unguwar Paspanga, mai tsabta, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Kafin a tambaye mu suna aka kawo mana wani farin ruwa a ƙwarya, na garin gero da tsamiya da citta, suna ce masa zom-kom. Haka suke tarbar baƙo, ko a gida ko a wurin biki. Baba ya sha ya lumshe ido. Amma da mai masaukin ta miƙo masa mabuɗin ɗaki mai ɗauke da lamba a jikin katako, sai ya mayar da hannunsa baya. Ya ce in karɓa ni, shi ba zai riƙe mabuɗi biyu a gari ɗaya ba. Tuwonsu kuwa ruwa-ruwa ne, da ɗan tsami, na ci don yunwa. Abin da ya yi mini daɗi shi ne wake da shinkafa da suke kira benga, da kajinsu na gida masu tauri da ake gasawa da tafarnuwa a bakin hanya.

Mai masaukin ce ta haɗa mu da Salfo, direban tasi, Bamoshe, wato ɗan ƙabilar Mossi, ɗan kimanin hamsin, wanda ya iya Hausa don ya tashi a maƙwabtan Zango. Tasinsa kore ne kamar na kowa a garin, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Salfo bai ɗauki kansa direba kawai ba. Yana da takarda da ya sa a leda, jerin wuraren tarihi guda tara, kuma bai yarda a tsallake ko ɗaya ba. Ranar Alhamis ya kai mu tsohuwar majami'ar jan bulo da aka gina tun zamanin Turawa, ya kai mu gidan tarihi inda na ga fuskokin katako masu tsawon mutum, ya zaga da mu wani shataletale da aka yi don masu shirya fim har sau biyu don in samu hoto mai kyau. Ni ina kallo, ina faɗa wa Baba abin da nake gani, shi yana gyaɗa kai don kada ya ɓata mini rai. A gaban tashar jirgin ƙasa akwai babban gunkin mace tana zuba ruwa daga ƙwarya, alamar maraba da baƙo. Da na kwatanta wa Baba, ya ce a zamaninsu mace mai rai ce take miƙo ruwan, kuma sunanta Azumi, matar Alhaji.

Na ce wa Salfo gobe sai Zango. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Madam, babu komai can. Benaye ne da filaye da aka kewaye da kwano. Ba ya cikin lis ɗina na wuraren tarihi." Na karɓi takardar tasa, na zaro ta daga ledar, na rubuta Zango a ƙasa da birona, lamba goma. Ransa bai so ba.

Ya roƙe mu dai mu fara ganin fitar sarkin Mossi, wadda ake yi kowace Juma'a da sassafe. Baba ya tashe ni da agogonsa na Maraɗi, lissafin kan nasa kuma ya kuskure, muka isa ƙofar fada awa guda kafin kowa, muka zauna a kan dutse muna kallon masu shara. Da lokaci ya yi aka fito da doki da sirdi, manyan fada suka zauna a ƙasa sahu-sahu, sarki ya fito da jajayen kaya. Ba a ɗaukar hoto, wani dattijo ya harare ni tun kafin in gama zaro wayar. Salfo yana raɗa mana ma'anar: sarki ya yi fushi zai tafi, fadawansa suna roƙonsa ya zauna don jama'a. Aka yi gaisuwa, aka buga bindiga har na zabura, sarki ya shiga gida ya sake fitowa da fararen kaya, aka kwance wa dokin sirdi. Ya fasa tafiya ke nan, kuma haka za a sake yi Juma'a mai zuwa. Ni abin ya ba ni mamaki, a ce mutum ya yi shirin tafiya kowane mako ya fasa. A mota Baba ya ce shi sarkin nan ya tsaya an riƙe shi, shi kuwa tun kafin gari ya waye ya gudu don kada a riƙe shi.

Bayan sallar Juma'a a babban masallaci, na zaunar da Baba wurin masu sayar da turare da carbi, inda na ji ana Hausa. Hausar tasu sai kin kasa kunne, jimla ɗaya za ta fara da Hausa, ta ratsa ta Faransanci, ta ƙare da Mosanci. Matasan ba su san Alhaji Tanko ba. Aka tura mu wurin wani tsohon wanzami, shi kuwa yana jin sunan ya ajiye askarsa. Ya ce Alhaji bai shekara biyu ba a sabon wurin da aka ba su ya rasu, amma Hajiya Azumi tana nan da ranta, can bayan Waga Dubu Biyu, inda aka yanka wa mutanen Zango filaye.

Ranar Asabar muka wuce ta cikin Waga Dubu Biyu, unguwar ma'aikatu da manyan gidaje, tituna masu faɗi babu mai tafiya a ƙasa. Bayanta kwalta ta ƙare, muka shiga tambaya gida-gida. Hajiya Azumi 'yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, da carbi a wuya, tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Baba ya yi sallama daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Wannan muryar Sani mai albasa ce, ko kunnena ne?"

Aka kawo zom-kom, aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka mutu a ɓangarorin biyu, abin da ya ɗauki lokaci mai tsawo. Sannan Baba ya sauka daga kujerar da aka ba shi, ya durƙusa a gaban tabarmarta, ya miƙa mabuɗin da hannu biyu. Ya ce ya yi laifi, ya zo a yafe masa a sallame shi. Ni har na fara share hawaye, ina cewa a raina tafiya ta yi kyau. Hajiya ta dubi mabuɗin, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"A nan aka ba ka shi?" ta ce. "Wannan parsel ce, filin da aka yanka mana, ba gida ba. Inda ka karɓa, can za ka mayar. Gobe Lahadi, ba kowa a biro, ma'aikata suna hutu, ku zo ku ɗauke ni."

Gaskiya raina ya ɓaci. Tsoho ya yi kwana biyu a mota, ya durƙusa a gabanki, ki ce sai gobe? A hanya na faɗi maganganu a kanta waɗanda ba zan rubuta ba. Baba ya ce in yi shiru, gaskiyarta ce.

Da safe muka ɗauko ta, ta fito da wani ƙullin tsumma a hannu. Baba ya ce shi zai zauna gaba, kuma a fara daga babban masallaci. Salfo ya yi ƙoƙarin nuna masa cewa an sake zana titunan, Baba ya ce shi dai ya tuƙa. Ya rufe idon da ya rage masa, ya dafa gwiwa. Ya ce a miƙe. Ya ce nan akwai gangara kaɗan, a sauko giya ta biyu, kuma da gaske motar ta ɗan sunkuya. Ya ce a karya dama, Salfo ya ce babu hanya sai gaba kaɗan, ya ce to a karya a can a dawo baya. Muna tafe tsakanin dogayen gine-gine masu gilashi da filayen da ciyawa ta cinye, shi yana kiran sunayen abin da babu: gidan mai goro, makarantar allo ta Malam Ɗanjuma, inda mahauta suke shanya fata. Can ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Muka tsaya a gaban wani fili da aka kewaye da kwanon rufi, maƙale da wani bene. Hajiya ta leƙa ta taga ta ce ya wuce da tsawon mota ɗaya, amma ba laifi ga makaho.

Ƙofar filin a ɗaure take da sarƙa. Salfo ya ce to mun gani, a yi addu'a daga nan a tafi, kada a jawo masa magana. Ni kuwa na riga na hango inda kwano biyu suka rabu. Na tura da kafaɗa, na kutsa, zanena ya kama ƙusa ya yage har gwiwa, na riƙe kwanon, Baba da Hajiya suka shigo. Ciki rabi an zuba tsakuwa ana ajiye motoci, rabi busasshiyar ciyawa. Hajiya ta nufi wani wuri guda da ciyawar take kore shar, ta buga ƙafa, muka ji siminti a ƙasa. Rijiyar gidan ce aka rufe. Daga nan ta fara takawa tana nunawa da carbi: nan madafa, nan ɗakinta, nan turakar Alhaji, nan jerin ɗakunan baƙi, na uku na Sani. Ta zo daidai bayan wata farar mota ta tsaya ta ce nan ne zaure. Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a kan tsakuwa ta zauna.

Sai ga mai gadi ya fito daga benen da sanda, ƙato, yana faɗa da Faransanci cewa wurin na kamfani ne, wa ya ba mu izini, mu fita ko ya kira 'yan sanda. Ya zaro waya ya fara dannawa. Salfo daga waje yana kirana ta kafar kwano, madam, madam. Na ce wa mai gadin ya kira duk wanda zai kira, tsohon nan daga Maraɗi na kawo shi, kuma ba inda za mu sai an gama abin da ya kawo mu. Na zauna daɓas a ƙasa kusa da Hajiya, da yagaggen zanena. Da in tashi gara a ɗauke ni.

Hajiya ta bar shi ya gama. Sannan ta yi masa magana da Mosanci, a hankali, kamar tana aiken jikanta. Salfo ne ya fassara mini daga baya. Ta tambaye shi garinsu, ya faɗa. Ta ce a garin nasu haka ake shiga zauren mutane da takalmi ba sallama? Ta ce ta haifi 'ya'ya bakwai a tsakanin wannan mota da waccan, ba ta zo ɗaukar ko tsakuwa ɗaya ba, baƙonta za ta gani ta tafi. Mai gadin ya tsaya da waya a kunne. Ban san ko an ɗauka a can ba, na dai ga ya sauke ta, ya ce, "Yaaba," wato kaka, ya ja da baya ya tsaya.

Baba ya durƙusa ya sake miƙa mabuɗin. Ita kuma ta kwance ƙullin tsummanta. Kwaɗo ne, ya yi tsatsa, a kulle, har da ƙarfen da ake maƙala shi a jikin ƙofa da ƙusoshinsa.

"Ranar da ka tafi," ta ce, "Alhaji ya bi ka tasha da kokonka a hannu, ya tarar ka wuce. Ya dawo ya ce kada wanda ya taɓa ɗakin Sani. Shekara goma sha biyar baƙi suna kwana a zaure, ɗakin yana kulle. Da aka ce gobe katafila za ta zo, yara suka ce a fasa, ya ce a'a, a cire shi yadda yake, mai ɗaki zai zo ya buɗe abinsa. To ga shi. Buɗe."

Baba ya laluba ya sa mabuɗin, ya ƙi juyawa. Ya sake gwadawa, hawaye yana bin gemunsa. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da Inna ta rasu. Na ce ya ba ni in gwada, ya ture hannuna. Mai gadin ya juya ya tafi, na ce shi ke nan ya tafi kiran mutane. Sai ga shi ya dawo da ɗan baƙin mai a murfin gora, daga babur ɗinsa ya tsiyayo. Baba ya ɗiga, ya bubbuga kwaɗon a kan dutse sau uku yadda suke yi wa kusoshin taya, ya jira, ya murɗa. Muka ji ƙas.

Hajiya ta karɓi kwaɗon da mabuɗin a jiki, ta yi wa Alhaji addu'a, muka shafa, har da mai gadi da Salfo da ya shigo ban san lokacin ba. Baba ya ce to ta sallame shi. Ta danna kwaɗon ya sake kulluwa, ta zare mabuɗin, ta kama hannun Baba ta sa masa a ciki ta naɗe yatsunsa a kai.

"Yafiya, an yafe maka tun kafin ka kai iyaka," ta ce. "Sallama kuwa ban yi ba. Su da suka rushe ba su tambaye ni ba, ni kuma ban ce gidan nan ya tashi ba. Ranar da na sallami baƙona na ƙarshe, ranar na yarda ya tashi. Riƙe mabuɗinka."

Ta miƙe ta kaɗe mayafinta, ta ce wa mai gadin ya buɗe mana ƙofa, ita ba za ta fita daga gidanta ta kafar kwano ba. Ya kuwa kwance sarƙar.

Sauran kwana biyun Salfo ya ƙarasa mana jerinsa, ya kai ni wurin maƙeran tagulla na sayo tsarabar da wasunku suka samu. Ranar da ya kai mu tasha na ga takardar tasa a gaban mota, ya mayar da ita cikin leda, lamba goma tana nan bai goge ba. Masu neman hotuna, ina da na majami'a da na gunki da na shataletale har guda shida. Na filin nan ba ni da ko ɗaya, ban ma tuna ina da waya ba.

Mun iso Maraɗi da la'asar, Baba ƙafafunsa sun kumbura amma lafiyarsa lau. Yaya Laminu yana jiranmu a ƙofar gida. Ya kama Baba ya zaunar da shi, ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya tambaya ko an dai rabu da mabuɗin, hankali ya kwanta. Baba ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo baƙin zaren. Ba a gwangwani yake ajiye shi ba yanzu.

"Sun ƙi karɓa," ya ce. "Ɗakina yana nan."